Kwana Takwas na Dinah

A layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, in ka tambayi gidan Azariya Kumai sai an tsaya ana tunani. In ka ce Malam Falaki kuwa, ko mai tuyar ƙosai za ta nuna maka da cokalinta: gida mai shuɗiyar ƙofa, da bishiyar mangwaro, da kujerun roba biyu a baranda. Yanzu ɗaya ce ake zama a kanta. Ɗayar yana goge ta kowace safiya, ya mayar da ita inda take.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan saboda son da yake wa ilmin taurari, amma tushen abin ya girmi koyarwarsa. Yana aji shida a firamare, a wani ƙauye kusa da Zonkwa, shekarar 1969, hedimasta ya fito da rediyonsa ƙarƙashin ɗorawa, ya tara yara, ya ce su kasa kunne, mutane sun taka wata. Azariya ya ruga gida, ya tarar da ubansa yana wasa fartanya.

"Baba, Turawa sun hau wata."

Tsohon ko kai bai ɗaga ba. "To. Wa zai je ya ɗauko su?"

Shekara talatin da biyar Azariya ya yi yana koyar da labarin ƙasa, daga Zonkwa zuwa Kwoi, zuwa Kagoro, ƙarshe Kafanchan, kuma babu ajin da bai ba wa wannan labari ba. Yakan kwaikwayi muryar uban, yara su yi ta dariya, sannan ya buga tebur ya ce, "Kun ji tambayar wanda bai je makaranta ba. Wanda ya iya tafiya ai ya iya dawowa. Lissafi ne kawai."

Kayan aikinsa uku ne: ƙwarya, lemo, da tocila. Kafin ya kai darasi aji sai ya gwada shi a gida, kuma matarsa Dinah ce mai riƙe tocila. 'Yar Nok ce, ya same ta lokacin da yake koyarwa a Kwoi, tana cikin mawaƙan coci. Shi Bajju, ita Ham, ba mai jin yaren wani sosai, saboda haka Hausa ce ta zama yarensu na hira da na faɗa.

"Ke ce rana. Tsaya wuri ɗaya, kada ki motsa."

"Ranarka tana da miya a wuta."

"Minti biyu."

"Minti biyunka na jiya ne ya ƙona shinkafa."

Amma takan tsaya. Yana zagaya ta da lemo a hannu, yana bayani ga bango, ita tana haska shi tana hamma. Haka suka yi shekara arba'in, suka haifi 'ya ɗaya, Martina, wadda yanzu nas ce a Sabon Tasha.

A farkon Yunin 2024 mahaifiyar Dinah ta rasu, tsohuwa mai shekara casa'in da ɗoriya. A gidansu Dinah akwai ƙa'ida tun ta kakanni: 'yar da ta zo makokin uwa ko uba ba ta komawa ɗakin miji da ƙafarta. In kwanakin zaman makoki sun cika, mijin ne zai zo da wani babba daga danginsa, ya durƙusa gaban mai gidan, ya yi gaisuwa, ya ce ya zo roƙon matarsa. Sai a ɗan tsokane shi, a ce ba a san shi ba, a yi dariya, a ba shi ita. Abin bai wuce rabin awa. Azariya ya taɓa yi lokacin da uban ya rasu, har ya dawo yana cewa al'ada ce mai kyau.

"Kwana takwas bayan an binne Mama," in ji Dinah, tana ɗaure jaka. "Na bar maka miyar gyaɗa a firji. Maganin hawan jininka yana kan rediyo, tunda nan kaɗai na san idonka yake zuwa."

Shi ya rubuta tarihin marigayiya da aka karanta a coci, shafi uku, kwana biyu yana gyara. Ya kai akuya. Bayan an rufe kabari, Silvanus, wan Dinah, tsohon ɗan sanda wanda yanzu shi ne mai gida, ya karɓi makirfo don yin godiya. Ya kira surukai ɗaya bayan ɗaya, har da mijin autarsu wanda ya iso ana tattara kujeru. Bai kira Azariya ba. Azariya ya jira har aka yi addu'ar rufewa, yana murmushi irin na mai ciwon haƙori. Sai ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, ya tsayar da babur ya hau. Ko ruwan gidan bai sha ba.

A makon nan ne rediyo ya faɗa cewa 'yan sama jannati biyu na Amurka, namiji da mace, sun tashi da wani sabon kumbo don gwaji. Za su yi kamar kwana takwas a tashar da ke zagaya duniya, su dawo. Ba a jima ba aka ce kumbon ya sami matsala, an ɗage ranar.

Kwana takwas na Dinah suka cika. Ta kira shi da safe.

"Baban Martina, gobe ne fa."

"Na sani."

"To?"

"Yayanki yana da lambata."

"Ya kira ka ya ce me?"

"Abin da bai faɗa a makirfo ba."

Yana jin kaji a bayanta, da wata tana daka. "Kana shan maganinka?"

"Ina sha."

Daga nan magana ta fita daga hannun mutum biyu ta shiga hannun manya. Silvanus ya ce shi ba zai kira wanda ya tashi ya bar abincin makokin uwarsa ba, mutum ya zo ya durƙusa kamar kowa. Eli, wan Azariya da ke Zonkwa, wanda ya kamata ya ja tafiyar, ya ce ba zai kai furfurarsa gidan da aka wulaƙanta ƙanensa ba, sai fastoci sun fara magana. Faston Kafanchan ya rubuta wa na Nok. Na Nok ya amsa cewa maganar iyali ce. Dattawan ikilisiya suka kafa kwamitin mutum uku, kwamitin ya zauna sau biyu, duka biyun a kan inda za a yi zaman sulhu. Nok, an ce kamar Malam ya amsa laifi ne. Kafanchan, an ce kamar an kira Silvanus ƙara. Wani ya kawo shawarar Kwoi, wani ya tuna cewa Kwoi ma ƙasar Ham ce. Aka rufe da addu'a.

Shi kuwa Azariya ya sami aikin yi. Kowace yamma yana ƙarƙashin mangwaro da abokinsa Leonard, tsohon direban jirgin ƙasa, suna dara, rediyo a kan kututture. Ya yanko hotunan 'yan sama jannatin daga jarida. Ya buɗe littafi yana rubuta kwanakinsu.

"Ka ga," yakan ce, "ƙananan injinan da ke juya kumbon ne suka ƙi. Masu kumbon sun ce lafiya lau, su hau su dawo. Hukuma ta ce ba ta gamsu ba. Ga wani kamfani can da kumbo lafiyayye, amma in aka ce shi ya ɗauko su, an tsinka na farko a idon duniya. Mutum biyu suna rataye a sama, manya suna ƙasa suna auna tsawon hularsu."

"Abin tausayi," in ji Leonard. "Nisan wurin nawa ne?"

"Kilomita ɗari huɗu, ko da ɗan ƙari."

"Nok fa?"

Azariya ya dubi allon dara. "Wasanka ne."

"Ni dai na san awa guda ne a babur, in ba a yi ruwa ba."

"Leonard, ka zo wasa ne ko wa'azi?"

A watan Satumba Martina ta gaji. Ba ta shawarci kowa ba, ta tura mijinta Nathan da mota zuwa Nok. Da la'asar motar ta tsaya ƙofar gidan Azariya. Ya miƙe har rediyo ya faɗi. Nathan ne kaɗai ya fito, hula a hannu.

"Dadi, Momi ta ce in gaishe ka."

"Sai me?"

"Ta ce ita ba buhun citta ba ce da za a aiko mota a ɗauka. Ta ce jakarta tana nan bakin ƙofa a ɗaure, wanda ya kamata ya ɗauka ya san kansa."

Azariya ya daɗe yana kallon kujerar bayan motar. "Ta rame?"

"Kaɗan."

"Shigo ka sha ruwa."

Martina ta kira kafin Nathan ya gama shan ruwan. "Dadi, wannan abin kunya ne fa. A wurin aiki ana tambayata ko kun rabu."

"Ba za ki gane ba. Magana ce ta ƙa'ida."

"Wace ƙa'ida? Kawu ya manta sunanka sau ɗaya, kai ka manta matarka wata uku."

"Da ubanki kike magana."

"Na sani, Dadi. Shi ya sa nake faɗa maka."

A cikin watan ne kumbon farko ya sauko duniya babu kowa a ciki. A ƙarshen watan wani kumbon ya tashi da kujeru biyu babu kowa, ya je ya maƙale a jikin tashar, aka ce da shi za su dawo, amma sai baɗi, in masu canjinsu sun iso. Azariya ya rubuta a littafinsa: abin hawa yana bakin ƙofa, tsari ne ya hana. Ya ja layi a ƙarƙashi, bai ga komai a ciki ba sai Amurka.

Gaskiya ita ce ya kusa tafiya sau ɗaya. Mako guda kafin Kirsimeti ya goge kaftaninsa, ya sayi atamfa da sabulu mai ƙamshi, ya tafi tashar mota ba tare da ya gaya wa Eli ba. Yana neman motar Kwoi sai ga wani ɗan Nok da ya san shi, yana ɗaure buhuna.

"A'a, Malam Falaki. Ka sauko ke nan?"

Da fara'a mutumin ya faɗa. Amma akwai mutane a wurin, biyu daga ciki tsofaffin ɗalibansa ne.

"Saƙo na zo karɓa," in ji Azariya. Ya tsaya minti goma yana duba agogo, ya juya gida. Atamfar tana nan cikin ledarta har yau.

Tun Yuni Dinah takan kira shi kowace safiya, ba don komai ba sai maganar magani. Bayan Kirsimeti ta daina. Bai lura ba sai da Fabrairu ta kama, ranar da ya ga kwalbar maganin ta ƙare kwana huɗu ba wanda ya tuna masa.

A lokacin maganar 'yan sama jannatin ta zama ta siyasa tsirara. Sabuwar gwamnati ta hau a can, masu ita suna cewa tsohuwar ce ta yasar da mutanen da gangan, waɗancan suna cewa ƙarya ne, tsarin dawowarsu yana nan tun tuni. Su kansu mutanen biyu da aka tambaye su, sai suka ce ba a yasar da su ba, suna aikinsu ne.

"Dole su faɗi haka," in ji Azariya, yana nuna rediyo da yatsa. "Me kake so su ce? Wanda aka bari ba ya cewa an bar shi. Yana rufa wa gidansu asiri ne."

Leonard ya tura ɗan dararsa a hankali. "Madam ɗina ta je Nok da 'yan zumuntar mata wancan mako. Sun ga Maman Martina."

"To?"

"Ta ce musu ita ba maƙalewa ta yi ba, tana gidan ubanta."

Ranar ba a gama wasan ba.

A tsakiyar Maris aka sauko da su. Da safe Martina ta turo masa bidiyo a waya, ba ta rubuta komai a ƙarƙashi ba. Ya kira Leonard suka kalla a baranda, kai da kai. Ga kumbon yana lilo a kan teku, ga kifaye manya suna zagaya shi. Aka buɗe ƙofa, aka tallafo su ɗaya bayan ɗaya, suna murmushi suna ɗaga hannu, aka ɗora su kan gado mai taya.

"Ashe ba sa iya tafiya?" in ji Leonard.

"Wata tara ba su taka ƙasa ba. Ƙashi yana raguwa, ƙafa tana manta nauyi. Jiki yana sabawa da inda aka bar shi."

Ya faɗi wannan jimla a aji ya fi sau ɗari. Yau ne ya fara jin abin da take nufi. Ya buɗe littafinsa: kwana ɗari biyu da tamanin da shida. Ya ƙirga na Dinah a zuci, bambancin bai kai mako ba. Nata babu inda ya rubuta.

"Je ka sa riga," ya ce.

"Ina za mu?"

"Ana bukatar babba daga dangina."

"Ni ba danginka ba ne."

"Yau kai ne."

Sun isa Nok rana ta take. Silvanus yana zaune a inuwa, ya rame ƙwarai, da sanda a gefensa. Azariya ya cire hula ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har Leonard ya kau da kai. Ya yi gaisuwar da ta makara wata tara, ya ce ya zo roƙon matarsa. Ya jira a ce ba a san shi ba. Ya shirya dariyar ma.

Silvanus bai tsokane shi ba. "Tashi, Malam, ƙasa da zafi. Mantawa na yi. Uwata ce a rami, kaina ba ya wurin. Ina ajiye makirfo na tuna, na juya in neme ka, aka ce ka hau babur. Da ka zauna ka ci tuwo da a kan tuwon na ba ka haƙuri."

"Da ka kira."

"Da ka zo." Ya yi tari. "Ni tun Oktoba na ce mata ta tafi in tana so, na yafe durƙuson. Tana bayan gida. Ita za ka tambaya."

Ya same ta zaune a kan tabarma, tarin irin citta a gabanta, tana kakkarya shi gutsi-gutsi don shuka. Ta yi baƙi, ta rame, amma hannunta ya fi yadda ya sani sauri.

"Sannu da zuwa, Malam."

Ba ta taɓa kiransa haka ba sai a gaban baƙi.

"An sauko da mutanenka?"

"Jiya."

"Na ji. Dama na ce wa Yaya, ranar da aka sauko da mutanen nan za mu ga Malam."

Ya zauna a kan turmi. "Maman Martina, na zo in tafi da ke."

Ta karya wani gutsi, ta duba inda zai tsiro, ta jefa cikin kwando. "Jakar nan ta zauna bakin ƙofa har Kirsimeti. Duk babur ɗin da ya tsaya sai in ɗaura ɗankwali. Yaran gida har sun mayar da abin wasa. Ranar Kirsimeti da muka dawo sujada na kwance ta, na zuba kayan a akwatin Mama."

"Sai a sake ɗaurewa."

"Na karɓi gonar Mama. Na yi shara, ga iri. Mata sun ba ni jan waƙa a coci. Nan in na yi magana da yarena, da shi ake amsa mini. Shekara arba'in ban san ina kewar wannan ba."

"To yaushe?"

"Citta tana wata takwas a ƙasa."

"Bayan nan fa?"

"Ban sani ba." Ta ɗago ta dube shi, babu ko ɗaci a fuskarta, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. "Ba fushi nake ba. Da fushi ne da ya zo da sauƙi, ka roƙa, in ja aji, mu tafi. Na daɗe ina riƙe maka tocila. Hannu ne ya gaji, na sauke, sai na ga ashe ana iya zama haka."

Ya ɗauki gutsin citta yana jujjuyawa. Ta karɓe shi ta jefa cikin kwando.

"Kana shan maganinka?"

"Wani lokaci."

Ta girgiza kai, ta kira a kawo musu tuwo. Wannan karon ya zauna ya cinye. Da za su tafi ta ba Leonard ƙullin busasshiyar citta ya kai wa matarsa, ta raka su har bakin hanya, ta koma kafin babur ya tashi.

Tun daga ranar, kowace Asabar ta biyu Malam Falaki yana hanyar Nok. Yana taya ta shimfiɗa ciyawa a kan kunya, tana bi tana gyara abin da ya ɓata. Shi da Silvanus suna dara, ba mai tayar da tsohon zance. An haƙe cittar a Disamba, ta yi kyau. Ya jira ta ce wani abu. Sai ya ga ta ware irin baɗi, ta binne shi a inuwa.

Kwanan baya wani tsohon ɗalibinsa ya tare shi a kasuwa, ya riƙe masa hannu, ya ce wa matarsa ga malamin da yake ba ta labari. "Malam, don Allah ba ta na Baba da wata."

Azariya ya ba da labarin, ɗorawa da rediyo da fartanya, har zuwa tambayar. Bai kwaikwayi muryar ba. Ya tsaya a nan.

"Sai kuka ce me, Malam?"

"Ban ce komai ba. Tambaya ce mai kyau."

Littafin kwanakin yana nan, amma ya juya shafi. Yanzu lokutan da tashar 'yan sama jannati za ta ratsa samaniyar yankinsu yake rubutawa, Martina tana turo masa. In lokacin ya faɗo da magariba, sai ya fito baranda, ya zauna a kujerarsa, ya kira Nok.

"Fito ki dubi yamma. Za ki ga tauraro yana tafiya, ba ya ƙyaftawa."

"Ina da miya a wuta."

"Minti biyu."

Wani lokaci yakan ji ƙarar ƙofa, da takunta a tsakar gida. Wani lokaci ta ce ya bari sai wani jiƙon, ta kashe waya.